Man Gyaɗana a Ƙarƙashin Masara

Tun ina da ƙarfin ɗaga jarka da hannu ɗaya nake safarar man gyaɗa da ƙuliƙuli zuwa Tsafe. Matan Bungudu da ke cikin gida su ke soyawa su tatsa, ni kuma in bi su gida gida in karɓa, in tara a ɗakina da ke Damba a gefen Gusau, ranar kasuwar Tsafe in kai wa masu tsire da masu ƙosai da masu waina. Ban taɓa zama a aji ba, ban kuma ga abin da na rasa ba. Wasu daga cikin masu sayen kayana tun iyayensu nake kai wa. Ba su neman kowa, ni ma ba na neman kowa, don sun san kafin gawayinsu ya kama mai yana gabansu.

Maigidana, Allah ya jiƙansa, motoci biyu gare shi. Akwai ƙaramar a-kori-kura da ke zirga-zirga tsakanin Bungudu da Gusau da Tsafe, ita ke ɗaukar kayana, ni ina gaba kusa da direba. Akwai kuma babbar da ke kai hatsi Zariya. In ana lodi, tsayawa yake a bayan mota hannuwansa a goye, duk buhun da aka kawo tambayarsa ɗaya ce: ina zai sauka? Mai nisa ya shiga ƙurya, na kusa ya zauna bakin ƙofa. Ban taɓa jin ya kira wannan da wani suna ba. Lodi ne kawai.

Da ya rasu na shiga takaba, 'ya'yana kowa yana kan sana'arsa, sai motocin suka koma hannun ƙanensa. Wannan Alhajin kuwa atamfa ya yi rayuwarsa yana sayarwa a kasuwar Gusau. Ya iya ninke turmi, ya iya yi wa mace zaƙin baki har ta sayi abin da ba ta zo saye ba, iyakar iliminsa ke nan. Lokacin da aka kawo ni gidan nan ko wando bai fara sawa da kansa ba, ni nake share masa hanci. Shi ya sa har yau tsakanina da shi wasa ne, in faɗa masa abin da na ga dama, shi kuma ya kira ni matar yaya yana washe baki.

Abin da ya kamata ku sani shi ne, tun kafin a yi sadakar arba'in aka fara gunaguni a tasha cewa ƙane ya hau kan dukiyar marayu ya zauna. Maganar ta kai kunnensa, ta kuma ci shi ƙwarai. Duk abin da ya yi bayan nan, ba da mu yake ba, da bakin mutanen tasha yake.

Wata hantsi ya tara mu a zauren gidanmu. Ina zaune daga ƙofar ciki a kan tabarmata, ƙanwar maigidana da ta zo daga Bungudu tana gefena, maza sun jeru jikin bango, direban babbar mota kuma ya tsuguna can bakin ƙofa. Alhaji ya zaro goro daga aljihu, ya ajiye ɗaya a ƙasa ya ce nan ne Bungudu, ya ajiye wani ya ce Gusau, wani Tsafe, na ƙarshe ya tura shi can nesa ya ce Zariya. Ya gyara hula kamar wanda zai raba ƙasa.

"Daga yau mota guda, tahiya guda," in ji shi. "Mai ya yi tsada, hanya kuma ba a bin ta in rana ta yi sanyi. Ƙaramar na saida ta."

Ashe ba shawara aka kira mu ba, sanarwa ce. Tsadar mai dai gaskiya ce, hanya ma kowa ya san yadda ta koma. Da a nan ya tsaya da na sa masa albarka. Sai ya ci gaba.

"Lodi kuma bisa tsari za a riƙa yi nai. Gidanga muna da manya. Kayan babba za a fara azawa, sannan na mai bi mai, har a zo ga ƙarami. Matar yaya ita ce farko. Babu buhun da zai taɓa motar ga sai nata ya hau."

Maza suka gyaɗa kai, wani har da cewa madalla. Na ce, "Alhaji, kayana Tsafe za su sauka, Tsafe kuwa ita ce tsayawar farko. In ka cusa su ƙurya ka danne da hatsin Zariya, ta ina za su fito? Ta tagar direba?"

Ya yi dariya ya dubi jama'a. "Kun ji ta ko? Ita dai ba ta son a girmama ta. Matar yaya, da raina ba za a ce yaya ya kwanta dama an maida iyalinai bayan mota ba."

Na juya na kalli direba. Mutumin nan shekara da shekaru yana tsaye gefen maigidana ana lodi, ya san abin da nake faɗi sarai. Ya sami tsinke yana tonon ƙasa da shi kamar an ce masa akwai zinariya a zaurenmu. Ban ga laifinsa sosai ba, tuwonsa a hannun Alhaji yake. Amma na lura da shi.

To ga yadda tsarin ya fito da aka bi shi har ƙarshe. Tunda ni ce farko, mota a ƙofar gidana za ta fara tsayawa, a Damba. Mai bi mini a girma ita ce ƙanwar maigidana, waken suyarta kuma yana Bungudu, saboda haka sai a juya a nufi hanyar Sakkwato a ɗauko. Daga nan a dawo Gusau a ɗora masarar Alhaji, sai ta yara, sai kayan 'yan kasuwar da suka biya haya. Sannan a kama hanyar Tsafe, wadda ke can ɗaya gefen. Wato man gyaɗan da na sha wahalar kwasowa daga Bungudu, sai an mayar da shi garinsu ya gaida dangi kafin ya wuce kasuwa. Mutumin da ya sayar da mota don tsimin mai, shi ne ya zana wannan da goro, aka kuma yi masa addu'a.

Ranar tafiyar farko da sassafe mota ta tsaya ƙofar gidana. Alhaji ya zo da kansa cikin babbar riga. Ya sa aka jera jarkokina jikin kan mota, aka kwantar da buhunan ƙuliƙuli a gefensu, yana ta faɗa wa 'yan dako su yi a hankali, kayan uwa ne. Maƙwabta suna leƙe ta katanga, shi kuma yana ƙara ɗaga murya. Na hau gaba na zauna. Muka je Bungudu, aka danna wake a kan kayana. Muka dawo Gusau, aka danna masara a kan wake. Ina jin kowane buhu yana faɗowa a bayana kamar a gadon bayana ake jefa shi.

Ba mu shiga Tsafe ba sai da rana ta take, kasuwa ta riga ta cika ta batse. Direba ya tsaya gefen titi, ya sauko ya buɗe bayan mota, ya tsaya yana kallon katangar buhuna tun daga ƙasa har tamfol. Na ce masa, "To, malam mai tsinke, bismillah."

Sai da aka sauke motar nan kaf. Kayan 'yan haya, masarar yara, masarar Alhaji, waken Bungudu, duk aka baje su bakin hanya kamar an yi haɗari. Mutane suna tsayawa suna tambaya ko an samu rauni. 'Yan dakon Tsafe kuwa ranar sun ga idi, sun sauke sun kuma mayar. Da aka iso kan kayana, jarka ɗaya ta tsage ta gefe, man ya bi ƙasan mota ya jiƙa buhunan Alhaji, wanda shi kaɗai ne abin da ya sanyaya mini rai a wunin nan. Ƙuliƙulina, wanda matan Bungudu suka murza ɗaya bayan ɗaya da hannunsu, ya koma gari.

Akwai wani tsohon mai tsire a bakin tashar Tsafe, tun yana saurayi nake kai masa kaya. Ya zo ya zura hannu cikin buhu, ya ɗebo garin ya bar shi yana zuba ta tsakanin yatsunsa.

"Hajiya, yau har da daka kika yi muna? Allah shi saka. Turmina ya huta."

Na ce, "Ka biya kuɗin dakan to."

Ya yi dariya, amma da ya gama dariyar sai ya rage murya. Ya ce shi gari bai dame shi ba, dama dakawa zai yi ya haɗa yaji. Mai ne matsala. Naman safe ya riga ya gasa shi da man wani ɗan Funtuwa da ya zo da wuri a kan babur. Masu ƙosai ma, in ji shi, sun gaji da jira sun saya a wurinsa. "Yaron ga ya ce kowane mako shina nan tun da hantsi. Ni ban son canza hannu, Hajiya, amma wuta ba ta jira. In aka sake haka, ban san mi zan ce miki ba."

Na san abin da yake nufi. Mai saye in ya saba da wata ƙofa sau biyu sau uku, shi ke nan, sai dai ku riƙa gaisawa. Kuma ba ni kaɗai ba ce. Bayana akwai matan da ba su fita, waɗanda gishirinsu da sabulunsu daga jarkokin nan suke fitowa.

Da muka dawo na aika aka kira mini Alhaji. Na zayyana masa komai, har da masararsa da ta sha mai. Ya saurara yana girgiza kai, ya ce ai farkon abu ne, za a gyara. Gyaran da ya yi shi ne ya sa aka sayo katako aka yi wa kayana rumfa a ƙurya don kada a danne su. Suna nan dai a ƙurya. Sai an sauke duniya kafin a kai gare su, amma yanzu suna da ɗaki.

Mako na gaba na yi wata dabara. Da mota ta iso na aika a ce kayana ba su gama haɗuwa ba, su wuce Bungudu su yi lodinsu, in sun dawo sa ɗauki nawa. Na ce a raina ko ba komai yau na samu bakin ƙofa. Alhaji ya ce a kashe mota. Ya sa aka kawo masa benci ya zauna a ƙofar gidana, duk wanda ya zo wucewa sai ya tsayar da shi ya yi masa bayani cewa uwa suke jira, ko za a wuni ba za a ɗora tsinke ba sai nata ya hau. Ina cikin ɗaki ina jin wani dattijo yana cewa irin wannan zumunci ya yi ƙaranci a zamanin nan. Na ga in na ƙara jinkiri kaina nake yanka, na ce a fito da kaya. Ranar mun fi makon jiya makara. Rabin masu ƙosai ko kallon motarmu ba su yi ba.

Za ku ce me ya hana ni ɗaukar hayar wata mota. Ribar man gyaɗa ba ta da kaurin da za ta ɗauki haya a wannan tsadar, wannan ɗaya. Na biyu, motar mijina ce, da guminsa da nawa aka saye ta. In aka gan ni a tasha ina cinikin motar bare alhali tamu tana wucewa, kafin azahar gari ya ɗauka cewa gidanmu ya tsage, 'ya'yana kuma su ne za su sha tambaya a masallaci. Ban haifi yara don in bar musu wannan ba.

Na kwana biyu ina juya goron Alhaji a kaina. Tunda girma ne ke kai kaya ƙurya, sai na tambayi kaina wane ne ya fi kowa ƙanƙanta a gidan nan. Amsar ita ce matar autana. 'Yar Mada ce, mai shiru, suna zaune da mijinta kusa da tasha a cikin Gusau. A tsarin Alhaji, in da tana da kaya, ko 'yan haya sai sun riga ta, don su baƙi ne ana jin kunyarsu, ita kuwa ta gida ce kuma ta ƙarshe.

Ni ba na zuwa gidan surukai, su ke zuwa gare ni. Ranar na yafa mayafi na tafi. Da ta gan ni a tsakar gidanta sai da ludayi ya faɗi daga hannunta. Ta shimfiɗa tabarma, ta kawo ruwa, ta durƙusa nesa kanta a ƙasa.

"Inna, lahiya dai?"

Na ce, "Lahiya. Daga wanga mako ke ce mai man gyaɗa."

Ta ɗago ido kaɗan ta mayar. "Inna, ni ban iya ba."

"Ban ce ki iya ba. Kaya za su riƙa kwana a ɗakinki. Ranar kasuwa mijinki shi kai su tasha shi ce naki ne. In an tambaye ki, ki ce kina taɓa 'yar sana'a. Kin iya wannan?"

"In Baba Alhaji ya tambaye ni fa?"

"Sunkuyar da kai za ki yi kamar yadda kike yi yanzu. Shi zai ba kanshi amsa."

Na ga kafaɗarta tana rawa. Da farko na zaci kuka ne, ashe dariya take dannewa. Tun ranar na san yarinyar nan ba shiru ne kawai a cikinta ba.

Sai na aika wa Alhaji cewa na ajiye safara, ƙafafuna sun gaji. Wallahi ban taɓa ganin mutum ya yi farin ciki da tsufan wani kamar yadda ya yi ba. Ya zo da 'yan rakiya, ya kawo mini turmin atamfa daga tsohon shagonsa, irin wadda ta daɗe ba ta samu mai saye ba, ya yi jawabi a zaure cewa burinsa ke nan tun farko, ya hutar da matar yaya. Washegari labari ya cika tasha: Alhaji ya ɗauke wa uwar marayu wahala. Waɗanda suka ce ya ci gado su ne suka fara miƙa masa hannu.

Mota ta daina zuwa Damba, saboda haka ta fara kwana a Bungudu ta taso da wake tun da safe, kamar yadda hankali zai ba kowa. A tashar Gusau, bayan an gama ɗora na kowa, ana shirin ɗaure tamfol, sai autana ya turo jarkoki a baro ya ce na iyalinsa ne. Aka ce masa ya yi haƙuri, wuri ya ƙare sai bakin ƙofa. Ya ce ba komai. A Tsafe direba ya buɗe baya, ya sauke su cikin ɗan lokacin da mutum zai sha ruwa, ya rufe ya wuce Zariya. An ce da ya ga jarkokin ya tsaya ya dube su, don ya san ɗaurin bakin jarkata da tsumma da leda kamar yadda ya san sitiyarinsa. Bai ce komai ba. Wannan karon shirunsa ya yi mini amfani, na yafe masa na zaure.

Masu ƙosai suka dawo ɗaya bayan ɗaya. Ɗan Funtuwa ya yi 'yan makonni yana zagaye da baburinsa, ya ga ba ci, ya nemi wata kasuwa. Matan Bungudu ba su ma san an yi wani abu ba, don ni dai nake zuwa karɓa kamar kullum, a motar haya, in ce ziyara na je.

Abin da ya fita daga hannuna shi ne kujerar gaba. Wadda ta ajiye sana'a ba ta da dalilin bin mota zuwa kasuwa. Rabona da kasuwar Tsafe tun lokacin. Autana ke zuwa ya raba kaya ya dawo mini da saƙon gaisuwa. In na ratsa tashar Gusau, yaran da na ga haihuwarsu suna ce mini sannu da hutawa, Hajiya, wasu har da tambayar ƙafa. Ina amsawa. Mutanen da suka ji an baje mota guda a bakin titi don a zaro jarka, suka koma gida suna yabon zumunci, ba su ne zan tsaya yi wa bayani ba.

Bayan kaka Alhaji ya sake tara mu a zaure, ya ce tsarinsa ya zauna daram, mota ba ta ƙara makara ba, kowa ya shaida. Sannan ya ce akwai abin da ke damunsa. Matar auta, in ji shi, ta nuna kai a kasuwanci, ta riƙe mutanen Tsafe da uwarsu ta bari, har ana maganarta a tasha. Bai dace mai irin wannan ƙoƙari a riƙa jefa kayanta bakin ƙofa kamar na almajiri ba. Yana ganin a matsar da ita gaba, ta bi bayan masararsa.

Autana ya juyo ya kalle ni. Na gyara zama na ce, "Alhaji, yaushe aka kawo yarinyar ga gidan nan? Jiya jiya. Ka ɗaga ta sama da matan yayyen mijinta don ta saida mai, gobe wa za ta gaida? Ni ban yarda a lalata mini suruka ba. Inda take nan ne wurinta."

Ya kalle ni, sannan ya juya ga maza ya buɗe hannuwa. "Kun ji amfanin babba a gida. Ni kaina na so in yi kuskure." Aka yi ta gyaɗa kai, aka shafa fatiha, aka tashi.

Da la'asar matar auta ta aiko mini da tuwon dawa da miyar kuka, da saƙo a bakin mijinta cewa jarkoki biyu sun fara yoyo ta hannu, ko a sayi sababbi kafin ranar kasuwa. Na ce a saya, amma a kawo mini in duba kaurinsu tukuna.